Mahauci a Layin Gwajin Jini

Shekara talatin da huɗu ina fawa a Tudun Wada,
hanta ba ta taɓa ɓoye mini sirrinta ba.
In na ɗora ta a tafin hannu
nakan san sa ya sha ruwan fadama mai tsutsa.
Mai sheƙi, ja wur, gaban tebur ne wurinta.
Mai tabo da fararen ƙuraje kuwa,
ko malamin dabbobi bai iso ba
ni da kaina nake jefa ta rami.

Ga shi yau ni ne a kan benci a Shika,
kati a hannu, lamba arba'in da bakwai,
ina jiran a faɗa mini labarin tawa.

Wata uku ke nan da likita ta ce
kitse ya yi yawa a jinina.
Na yi dariya. Kitse? Ni da nake kasa shi kashi-kashi?
Ta ba ni ƙwaya, ba ta fi ƙwayar dawa ba,
ɗaya kowane dare bayan isha'i.
Ta ce, maganin nan a hanta yake sauka,
za mu riƙa leƙa mai masauki
mu ga ko baƙon ya takura mata.

Ladidi mai allura ta ɗaure mini damtse da roba.
Ni da na malalar da jini cikin kwata ba adadi
sai da na kau da kai
don ɗan wanda bai cika cokali biyu ba.

Takarda ta fito bayan azahar.
Likita ta sa biro ta zagaye lamba guda,
ta ce ta ɗan hau.
Nan hantata ta kaɗa,
kaɗawar da babu na'urar da ke aunawa.

Me kake sha bayan wanda na ba ka?
Na dubi silin. Na dubi takalmina.
Sannan na faɗi jiƙon Tanimu na Ƙofar Doka,
mai ɗaci kamar maɗaci, jarka guda a mako,
da ƙullin maganin gajiya na kemis ɗin layinmu.
Ba ta yi faɗa ba. Gara ma ta yi.
Ta ce, ajiye su, ƙwayata kuwa kada ka yanke,
mako shida ka dawo mu sake dubawa.
In fitsari ya koma kalar shayi,
ko ido ya yi rawaya,
ko ƙasan haƙarƙarin dama ya dame ka,
kada ka jira ranar kati.
Na ce a raina, shawara iri biyu ce,
gara ta baki da ta ido.

Yanzu kullum da safe kafin in ɗauki wuƙa
Kuluwa takan ja ni bakin taga,
ta sa yatsa ta ja fatar idona ƙasa.
Rabon da ta dube ni haka
tun muna ɗaki ɗaya a Gyallesu.
Fari ne, in ji ta. Tafi.

Jiya wani yaro ya zo sayen hanta ta ɗari biyar.
Na daɗe riƙe da ita ban yanka ba,
har ya ce, Baba, lafiya?
Na ce saura mako biyu in sani.