Fuskar Iya Morufu Sau Uku

Da rana ni akawu ne a kasuwar Mil Tuwel,
ina ƙirga buhunan albasa da suka sauka daga Aliero,
in rubuta wanda ya ruɓe a hanya, in rubuta wanda ya tsira.
Da dare, a ɗakina na Ketu mai taga ɗaya,
nakan kawar da kwanon tuwo daga tebur
in ce wa hannuna: to, yanzu lokacinka ne.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba:
fuskar Iya Morufu, mai gasa kifi a bakin layinmu,
daidai lokacin da hayaƙi ya shige mata ido,
ta kanne ɗaya, tana ƙirga canji da ɗayan.

Na fara da fentin ruwa.
Ɗan akwati na saya a Yaba, launi goma sha biyu,
ba wanda ya gaya mini ruwa ba ya jin magana.
Na ɗiga ja a kunci, ya gangara wuya,
shuɗin ɗankwali ya kai wa goshi ziyara, ya ƙi tafiya.
Ga damina, ga Ikko da jiƙaƙƙiyar iskarta.
Takarda ta kwana biyu a igiya tare da singiletina,
ta kumbura, ta ƙi bushewa.
Iya ta fito kamar wadda aka hango
ta gilashin danfo ana tsuga ruwa.

Na koma tawada.
Ita kam na san ta tun ina yaro,
Kawu Tanimu na haɗa ta da gawayi da ƙaro.
Amma tawada alƙali ce, ba a ɗaukaka ƙara.
Janaretan maƙwabci ya yi tari, hannuna ya zabura,
layi ɗaya ya kauce a gefen hanci,
shi ke nan, Iya ta ƙara shekara ashirin.
An ce magana zarar bunu ce. Ashe layi ma.

Sai Ebuka mai gyaran waya ya sayar mini da allon hannu,
kwance, gilashinsa tsage a kusurwa.
"Nan babu kuskure," in ji shi,
"taɓa da yatsa biyu, ya koma kamar ba a yi ba."
Gaskiya ya faɗa.
Mako uku ina gyaran ido ɗaya.
Na cire gumi, na cire tabon ƙuna,
na miƙar da haƙorin da ya karkace,
har ta zama irin matan allon talla na Ojota
waɗanda ba su taɓa jin ƙarnin kifi ba.
Aka ɗauke wuta, batir ya mutu,
na zauna ina kallon fuskata a baƙin gilashi.

Ranar Lahadi na kai mata duka ukun.
Ta goge hannu a zani.
Ta dubi allo, cikin Hausarta ta kasuwa:
"Wannan 'yar wane ne?"
Ta dubi ta tawada, ta fara dariya, dariyar ta tsaya.
"Uwata ce wannan. Ina ka taɓa ganinta?"
Sai ta ɗauki kumburarriyar,
ta riƙe nesa, ta riƙe kusa.
"Haka nake ganinku duka," ta ce,
"in hayaƙi ya tashi."
Ta soke ta da ƙusa a jikin rumfa,
ta naɗe mini kifi a jarida,
ba ta rage ko kwabo ba.

Tana nan har yanzu.
Kullum hayaƙi na ƙara mata wani launi
da babu shi a cikin sha biyun nan.
Ni kuma na sayo takarda mai kauri,
na jiƙa buroshi, ban taɓa komai ba tukuna.
Motar Aliero da asuba za ta iso.