Abin da Kwanon Ruwa Bai Nuna Ba

Ranar Laraba ce, bayan la'asar,
motar auduga ta kwaso gudu daga hanyar Marwa
ta daki bayan akori-kurar da Mamuda ke ciki.
Buhunan albasa suka fashe a kwalta,
yara na tsinta har bakin kwalbati.
Yayana ya fito da ƙafarsa.
Ya kakkaɓe riga, ya nemo hularsa,
ya ce ko ƙwarzane babu, mun gode Allah.
Jandarma ya rubuta da Faransanci: ba rauni.

Kashegari mai motar ya aiko ɗan sasanci
da jaka arba'in ta sefa, da wata takarda.
Kuɗin albasa ne, in ji shi, a binne maganar nan.
Mamuda ya sa hannu da damansa,
har ya taka wa mutumin zuwa bakin titi.

Wuya ne dai ya riƙe.
Muka ce kwanciya ce, Ladidi ta murza masa man zafi.
Kai ya soma sarawa ɓari guda,
muka ce ranar Figil ce, wa ta ƙyale?
Fatar idon hagu ta ɗan sauko,
ni da bakina na tsokane shi: barcin bashi kake biya?

Kwana goma sha tara.
Yana zuba shayi bayan asuba,
kofin ya suɓuce kamar wani ya fizge.
Ya buɗe baki zai kira sunana,
sunan ya fito a karkace.

A asibitin Garwa likita ta ɗaga hoton kai ga fitila,
ta ce fizgar da wuyan ya yi ta tsaga jijiya daga ciki,
jini ya dunƙule a tsagar, ya yi ta jiran ranarsa,
sannan ya gangara ya toshe hanya.
Ta nuna wani ɗan tudu a gefe:
wannan kuma ta kumbura, a yi mata a hankali.
Tana ta neman kalmar da zan gane.
Na ce bari, likita, ni mai faci ne.
Shekara ashirin ina gindin dogon-yaro.
Na san tayar da ta ci duka ta ci gaba da tafiya,
na san ƙullutun da ke fitowa a gefenta
ya kai Ngawundare lafiya ya fashe a ƙofar gida.
Amma taya ina tsoma ta a kwano in ga kumfa.
Mutum fa, a wane kwano?

Ofishin inshora akwai sanyi.
Mai taye ya jera takardu biyu a gabana:
ga ta jandarma, ga sa hannun ɗan'uwanka.
Wanda ya tashi ya karkaɗe riga,
yaya za a ce motarmu ce ta kwantar da shi?
Hawan jini ne, ko gado, ko gishiri.
Na ce hannun da ya sa maka hannun nan
yana gida a kan cinya, ko ƙuda ba ya kora.
Ya ce Allah ya sawwaƙe. Ya dubi agogo.

Lauya ta ce a tattaro komai:
rasiɗin man zafi, takardar likita mai kwanan wata,
yaron motar da ya ga yadda kan ya koma baya.
Ta ce shari'a tafiyar kura ce, kada in sa rana.
Na sayar da injin iska ɗaya.
Mamuda ya dangwala mata da babban yatsan hagu,
tawadar ta kwana uku ba ta fita ba.

Jiya wani ɗan acaba ya turo babur wurina,
gaba ya lotse, shi yana dariya,
yana murza wuya, wai ya tsallake rijiya da baya.
Na ajiye guduma.
Na ce bar babur ɗin nan, ba ya gudu.
Ya ce baba, faci kawai na zo.
Na ce na sani. Zauna tukuna.