Da Ɗan Gari Kan Ci Gari

Ƙarfe ɗayan dare a Sheffield,
ruwan nan nasu mara zuciya na tsiyaya a taga,
bai sauko da ƙarfi ba, bai ɗauke ba.
Na durƙusa gaban kwamfuta kamar mai gaisuwa,
na danna, na sake dannawa,
ba ta amsa ba.

Fanka dai na juyi, har da huci.
Wata 'yar fitila ja ta kafe ni da ido,
allo baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Fam ɗari uku da arba'in na zube
a hannun Pritchard, bakin tashar Rotherham,
ya miƙo furosesa, ya ce walƙiya ce.
Ga hadari dai, ban ga walƙiya ba.

Zanen gadar da zan miƙa Litinin yana ciki,
gero a rumbu, an ɗauke tsani.

Na zare ram, na hure, na mayar ɗai-ɗai.
Na ciro batirin nan mai kama da kwabo,
na ƙirga sittin, na mayar.
Na haska tocila kan alluran,
jere reras kamar shukar albasa,
ko ɗaya ba ta kwanta ba.
Na zargi waya, na zargi soket,
na zargi Pritchard har kakansa,
kaina kaɗai ban zarga ba.

Nusaiba ta sauko shan ruwa,
shekara sha huɗu, Hausarta da gishirin Turanci.
Ta tsaya a kaina da kofi a hannu:
"Baba, ka sabunta bayos kafin ka canza?"
Na yi shiru irin na manya.
Ta ce, "Madabod ɗin bai san shi ba.
Ya girme shi da shekara biyu.
Sai tsohon ya dawo ya zauna,
a karanta masa sunan baƙon,
sannan a buɗe ƙofa."
Ta yi hamma, ta haye sama.

Tsohon?
Yana cikin ambulan, kan takalma, bakin ƙofa.
Fam sha takwas na sayar wa wata mata a Hull,
har na manna kan sarki.
Ruwa ne ya hana ni zuwa gidan waya,
ruwan da ban daina zagi ba.

Na farke ambulan da haƙori,
na zaunar da tsoho a mazauninsa.
Danna ɗaya: ƙit! Haske.
Bai ko yi mini gori ba.

Na soka filashi. Layi ya fara rarrafe,
an rubuta kada a kashe wuta.
Shekara tara ban ga an ɗauke ta ba,
amma ƙirjina ɗan Minna ne,
ya riƙa dukan uku-uku har layin ya cika.

A wannan jiran na tuna Malam Tanko Wushishi.
Na sauka da jaka ɗaya da digiri biyu,
mai gidan haya ya dube ni sama da ƙasa,
ƙofa rabi a buɗe, ƙafarsa a bayanta.
Tsohon ya zare safar hannu, ya karɓi biro,
ya ce, "Na san shi,"
alhali bai san ni ba.

Na cire tsoho, na saka sabo.
Fitilar ta yi ja, ta yi ruwan ɗorawa, ta mutu.
Ga gadata, ƙafafunta huɗu cikin kogi.

Asuba ta kusa. Tiram na farko ya wuce.
Tsohon na kwance kan faifan shayi,
da ɗan toka-tokan mai a goshinsa.
Matar Hull, ki yi haƙuri, ga kuɗinki.
Na lalubi lambar Malam Tanko,
ban san ko ya canza ta ba.