Darasin Malam Babayo

Ranar Talata, ƙarfe biyu, a Kashere,
zafi ya kwanta kan kwano kamar ya biya haya.
Mun buɗe littafi mai kaurin tubali,
sunayen masana na sarƙe harshe kamar ƙaya.
Malam Babayo ya shigo da goro a kunci,
ya ce, "Ku rufe. Littafin ma ya gaji, bari ya sha iska."

Ya ce, "Wa ya je gidan kallon ƙwallo jiya?"
Hannaye suka miƙe kamar dawa a marka.
"To wa ke kan kujerar roba, gaban fanka?
Wa ke benci? Wa ke tsaye bakin ƙofa?
In an ɗauke wuta, wa ake aike ya ja janareta,
ya dawo an ci ƙwallon, sai ihu ya iska?"
Bulus ya yi dariya har ya faɗo daga benci.
Malam ya juya ga allo ya rubuta:
jama'a hawa-hawa ce, ko a ɗakin langa-langa.

Wani mako ya zo da hoton bayan keke,
an rubuta: Maƙiya, ku huta, na fito.
Ya ce, "Mutum da bashin keke a wuya,
su wa yake wa magana a kan titin Kumo?"
Ya tambayi Saratu kuɗin ankon bikin jiya,
da inda aka zaunar da wadda ba ta ɗinka ba,
da ko shinkafarta ta zo da tsoka.

Ran da Dija ta kira Modu bawan gidansu,
Modu ya ce Bafulatana sai dai ta bi saniya,
muka zuba ido, mun ce yau akwai kora.
Malam ya tofar da goro ta taga, ya ce,
"Ku ci gaba, kun rage mini aiki.
Zagin da ba ya zare wuƙa, kakanni suka ƙera,
don a samu inda za a jingine takobi."

Ni dai ran ƙwallo ban ɗaga hannu ba.
Bai ambaci wurina ba a cikin lissafi:
bayan ɗakin, inda ƙusa ta bar huda,
ido ɗaya, rabin fili, sauro a ƙafa,
naira hamsin ce tsakanina da ƙofa.
Na yi dariya tare da kowa,
amma tawa ta tsaya a maƙoshi kamar ɗanyar kanya.

Da jarrabawa ta zo, hudar nan na rubuta,
shafi uku, ban ambaci masani ko ɗaya ba.
Takarda ta dawo da jan biro a ƙasa:
"Na waje ya ga abin da na ciki bai gani ba.
Ka same ni ofis. Amma gyara rubutunka,
kamar kaza ta yi tono bayan ruwa."