Sunayen da Zaneidu Ya Bari

A Damagaram ba a tambayar lambar gida.
Ka tsai da ɗan kabu-kabu a bakin Kasuwar Dole,
ka ce masa: Gindin Tsamiya.
Dala arba'in, ya sauke ka a wurin,
ko da yake tsamiyar ta faɗi tun ina goye.

Ni kuwa a biro, gaban baƙin allo,
sai na bi hanya tiryan-tiryan da yatsu:
gida, sanda, aiki, sanda, ruwa, sanda,
ƙidayar bara, sanda, rijiyoyi, sanda, Mirriya.
Harafi ɗaya ya zame,
na'ura ta ce ba ta san wurin ba.
Sau talatin a wuni ina wannan tattaki
kamar mai ɗebo ruwa da ludayi.

Ran nan Zaneidu ya tsaya a kaina,
kofin shayi a hannu, ya ce:
Habsu, gidanku ma da taswira kike zuwa?
Ya jawo kujera, ya buɗe wata ɓoyayyar takarda
wadda sunanta ya fara da ɗigo,
ya rubuta layi guda:
laƙabi a hagu, doguwar hanya a dama.
Ya ce: raɗa wa wurin suna,
ba sai an yanka rago ba.

Na ce tulu.
Haruffa huɗu, na buga,
sai ga ni tsakiyar rijiyoyin Mirriya,
ko takalmi ban sa ba.

Daga nan na zama wanzamiyar kaina.
Dosiyen kasafi na kira shi ciwo.
Tsofaffin rahotanni, waɗanda ba mai motsa su,
na ce dutse,
don suna tuna mini da na bayan Birni
inda awaki ke hawa su kalli gari.

Da damina ta tsaya Zaneidu ya tafi.
Aiki ya samu a Yamai, in ji shi,
ya bar mini na'urarsa da mabuɗin kabad.
Wata la'asar an yanke kuran,
batir na ƙirga numfashinsa,
na buɗe tasa takardar mai ɗigo.

Suna goma sha bakwai.
Kunu: abin da yake fara dubawa da safe.
Baba: hotunan takardun likita, wata bi da wata,
har zuwa watan da suka daina ƙaruwa.
Habsu: na yi jim kafin in buga.
Kurakuraina ne, duka,
kowanne da gyaransa a gefe da ranar da ya gyara,
bai taɓa gaya mini ko ɗaya ba.
Na ƙarshe: wataran.
Na shiga. Ba komai ciki.
Ɗaki shararre, ko tabarma babu.

Bana sabon shugaba ya zo da tsarinsa,
ya kwashe dosiye ya sake musu mazauni.
Na buga tulu, aka ce babu.
Na buga dutse, shi ma wai ya tashi.
Na'ura ba ɗan kabu-kabu ba ce,
ba ta kai ka gindin bishiyar da ta faɗi,
ba ta san ana tsayawa a inda inuwa ta taɓa zama ba.

Na zauna na bi su ɗaya ɗaya,
na ɗaure kowane suna a sabon turkensa.
Aikin rabin awa, har shayina bai huce ba.

Wataran kaɗai na ƙyale.
Hanyarsa ta yanke tun ranar kwashe-kwashen,
amma ban goge layin ba.
Wani lokaci, in na gama da ciwo,
kafin a kira magariba daga Zango,
nakan buga shi haka nan,
in karanta amsar da na riga na sani,
in kashe allo, in fita neman mai kai ni Gindin Tsamiya.