Bashin Shayi

A Kawo na miƙa wa kwandasta kuɗin mota,
fam ɗin Sudan ya maƙale a jikin naira.
Ya juya shi, ya ce, "Malam, wannan ba ya ci a nan."
Na karɓe abina, na kasa dariya.

Shekara biyar ina kukan tuwo a Khartum.
Yau ga tuwo har da man shanu,
harshena kuwa na cigiyar shayin Busaina,
mai kirfa, a gindin darbejiya,
inda take rubuta bashinmu a bayan kwali.

Kan gadar Kogin Kaduna na leƙa ta taga,
ruwan damina ja wur,
bai san ni da Nilu ba.

Busaina, kina bina kofi uku.
Kada ki goge sunana.