Ƙarfe Uku a Bakin Famfo

Ƙarfe uku na dare a Garin Malam.
Famfo ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.
Bido goma sha ɗaya ne a gabana,
na Zuwaira da jan ƙyalle a wuya,
ita tana gida tana barci, shi yana tsare mata layi.

Kakana Tankari mahaƙin rijiya ne.
Yakan ɗebi ƙasa ya ɗora a harshe,
ya ce nan gaba uku, can gaba tara,
nan kuwa ku naɗe igiyarku,
dutse ne har inda ƙasa ta ƙare.
Damagaram yake nufi.
Ya ce garin a kan bayan kunkuru aka gina shi:
ruwan sama ya sauka, ya gaisa, ya gangara,
abin da tabki ya riƙe
kafin a gama sussukar gero ya koma laka.

Kudu ruwan yake tafiya.
Korama ba ta nuna fuskarta sai da damina,
sauran shekara a ƙarƙashin rairayi take numfashi.
In kana son sanin hanyarta, bi goriba, bi dabino,
bi raken Matamai, bi lambunan Mirya,
inda hannu da ƙwarya kan isa a sha.
Ƙauyuka sun jeru mata kamar tumaki a bakin kwami,
ba wanda ya aika musu da kira.

Mu kuwa muka hau dutse muka zauna.
Ayari ya sauke gishiri a Zango, bai koma ba,
Birni ya ja ganuwa,
ƴaƴa suka haifi unguwanni
har inda jakin Tankari yake kiwo a da.
Na taɓa tambayarsa dalili.
Ya ce ƙishirwa ba ta korar kasuwa,
ya ci gaba da tufkar igiyarsa.

Hudu saura, bututu ya yi gurnani.
Ruwan ya kwana yana tafiya daga wata fadama
da ban taɓa takawa ba.
Na tara tafin hannu, na kai baki kamar yadda yake yi.
Ƙarfe na ji, da ɗan magani.
Gaba nawa ne, ban sani ba.

Na cika na Zuwaira tukuna.